Addini, gwamnati da haƙƙin talaka: Yadda tsohuwar muhawarar tsarin mulkin Nijar ta shafi Icirnawa

Tun ranar 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, suka jingine kundin tsarin mulkin 2010, Jamhuriyar Nijar ba ta da kundin da 'yan ƙasa suka kaɗa wa ƙuri'a. Abin da ake tafiyar da mulki a kansa yanzu shi ne Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda Janar Abdourahamane Tiani ya sanya wa hannu ranar 26 ga Maris 2025, bayan babban taron da aka yi a Yamai a watan Fabrairun shekarar. Kundin ya ba gwamnatin wa'adin wata 60 wanda za a iya sake dubawa, an kuma rusa dukkan jam'iyyun siyasa.

Ko ba daɗe ko ba jima za a zauna rubuta kundi na dindindin. Duk lokacin da aka yi irin wannan zama a Nijar, tambayoyi biyu ne ke dawowa. Ta farko: mene ne matsayin addini a cikin gwamnati? Ta biyu: wane haƙƙi ne talaka ke da shi a kan gwamnati da dukiyar ƙasa? 'Yan boko sukan dunƙule su cikin kalmomin Faransanci biyu, "layisite" da "sosiyalisim", wato raba addini da gwamnati, da kuma gurguzu.

A Yamai ake tafka wannan muhawara, amma sakamakonta yana isowa har garuruwa irin su Icirnawa. Icirnawa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi tara na gundumar Kance da ke jihar Damagaram, gundumar da ke da mazauni a Matamai. Ƙasar noma ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, tana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, kuma ba ta da nisa da iyakar Najeriya ta Ɗan Barto. A wannan yanki an ga gwajin kalmomin nan biyu a aikace, tun kafin yawancin matasan yau su zo duniya.

Kalmar da ta ƙi fassaruwa

Nijar ta gaji "layisite" ne daga Faransa. A can, dokar 9 ga Disamban 1905 ce ta raba coci da gwamnati, bayan doguwar gwagwarmaya tsakanin 'yan jamhuriya da cocin Katolika a kan makarantu da dukiya da iko. Kundin Faransa na 1958 ya siffanta ƙasar da cewa ba ta rabuwa, ba ruwan gwamnatinta da addini, ta dimokuraɗiyya ce, kuma mai kula da jin daɗin jama'a. Da Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, kundinta na watan Nuwamban shekarar ya ɗauko waɗannan siffofi kusan yadda suke.

Shekara talatin kalmar tana kwance a takarda ba wanda ya tayar da ita, domin ba a ba kowa damar tayarwa ba. Zamanin Diori Hamani jam'iyya ɗaya ce. Da Seyni Kountché ya ƙwace mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, a shekarar aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, AIN, wadda ta zama bakin malamai guda ɗaya tilo da hukuma ta yarda da shi. Gwamnati ce ke sa ido a kan wa'azi da masu wa'azi. Ke nan a aikace ba a raba addini da gwamnati ba, gwamnati ce ta riƙe linzamin addini.

Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yuli aka rufe ranar 3 ga Nuwamba, shi ya buɗe bakin kowa. Wanda ya shugabanci taron shi ne Farfesa André Salifou, masanin tarihi, Kirista haifaffen Damagaram. Da aka samu 'yancin kafa ƙungiyoyi, sai sababbin ƙungiyoyin Musulunci suka fito, kuma abin da suka fara tunkara shi ne kalmar "layisite" a daftarin sabon kundi.

Babbar matsalar ita ce fassara. Kalmar ba ta da takwara guda a Hausa ko Zabarmanci. Mai goyon baya yakan fassara ta da cewa gwamnati ba za ta fifita wani addini ba. Mai adawa yakan fassara ta da cewa ƙasa ba ta da addini. Ga manomin da ke sauraren rediyo ko wa'azi a ƙofar masallaci, fassara ta biyu daidai take da a ce masa ƙasarsa ta bar Allah. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin 100 na 'yan Nijar Musulmi ne, don haka ba wuya a gane dalilin da ya sa wannan fassara ta fi tasiri.

A ƙarshe an yi sulhu. Kundin da aka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta 26 ga Disamban 1992 bai ɗauki kalmar ba. An koma ga lafuzza masu sauƙin ji, cewa hukuma ba ta bin wani addini a matsayinta na hukuma, da kuma raba gwamnati da addini. An goge kalmar, ƙa'idar ta zauna.

Abin da takarda ta ce, da abin da ake yi

Kundin 2010, na bakwai tun bayan 'yancin kai, ya jera ginshiƙan jamhuriya huɗu a sashe na 3: mulkin jama'a, raba gwamnati da addini, adalci tsakanin al'umma, da taimakon juna na ƙasa baki ɗaya. Sashe na 8 ya ce gwamnati tana mutunta kowace aƙida tana kare ta, amma ba wani addini da zai riƙe ikon siyasa ko ya tsoma baki cikin harkokin gwamnati. Sashe na 9 ya hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila ko yanki. Sashe na 175 kuwa ya sanya raba gwamnati da addini cikin abubuwan da ba a yi wa gyara.

Sai dai wannan kundin ne kuma ya wajabta wa shugaban ƙasa rantsuwa da littafi mai tsarki na addininsa. Mahamadou Issoufou da Bazoum duk da Alƙur'ani suka rantse. Nijar tana cikin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, OIC, tun kafuwarta a 1969, kuma ɗan ƙasar, Hamid Algabid, ya riƙe muƙamin babban sakatarenta daga 1989 zuwa 1996. Jami'ar Musulunci tana garin Say. Gwamnati tana da makarantun Faransanci da Larabci, tana da hukumar aikin Hajji da Umra, tana ba da hutun Sallah ƙarama da babba da Mauludi, kamar yadda take ba da na Kirsimeti da Ista.

A ƙauye lamarin ya fi fitowa fili. Idan rigimar gado ko iyakar gona ko mutuwar aure ta taso a ƙasar Icirnawa, gaban maigari ake fara kai ta, in ta gagara a wuce fadar sarki. Doka ta ba sarakuna ikon sasanci a irin waɗannan al'amura, kuma da wuya a yi zaman ba malami a gefe. In an kai ga kotu, alƙali yana hukunci ne da al'adar masu shari'a a kan aure da saki da gado da gona, tare da masu ba shi shawara da suka san al'adar. A ƙasar Hausa kuwa wannan al'ada ta daɗe da cuɗanya da fiƙihun Malikiyya. Mutum yana iya rayuwa tun daga suna har zuwa rabon gadonsa a kan hukuncin Musulunci, a ƙasar da kundinta ya raba gwamnati da addini.

Wannan ne ya sa kowane ɓangare yake ganin hujja tana hannunsa. Masu son a bayyana Musulunci a kundi suna cewa takarda ta daina musun abin da kowa ke gani, kuma dokokin da suka shafi iyali da tarbiyya su fito daga aƙidar mafi rinjaye maimakon a kwafo su daga Turai. Masu son a bar rabuwar suna cewa Musulmi bai rasa komai ba a ƙarƙashinta, kuma ita ce ke kare Kirista da sauran tsiraru. Suna ƙarawa da wata hujja da ta shafi Musulmi su kansu: in gwamnati ta ɗauki addini, fahimtar wa za ta ɗauka, tsakanin 'yan Tijjaniyya da 'yan Ƙadiriyya da 'yan Izala da 'yan Shi'a? Wanda ke da bindiga da baitulmali shi zai zaɓi liman.

Lokutan da wuta ta tashi

Muhawarar ba ta tsaya a baki ba. A 1994, zamanin mulkin Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, ƙungiyoyin Musulunci sun yi wa daftarin dokar iyali ca, har aka jingine shi, kuma duk yunƙurin da aka sake yi daga baya bai kai labari ba. A watan Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe zuwa tarzoma a Yamai da Maraɗi, gwamnati ta haramta wasu ƙungiyoyi. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata.

Abin da ya fi girgiza jihar Damagaram shi ne na ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015. Bayan mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), kwanaki kaɗan bayan Shugaba Issoufou ya halarci tattakin Paris, zanga-zanga ta ɓarke a birnin Damagaram bayan sallar Juma'a. An ƙona cibiyar al'adun Faransa da majami'u, ɗaruruwan Kiristoci suka fake a hannun sojoji. Washegari wutar ta isa Yamai, inda 'yan sanda suka ce an ƙona majami'u 45. Mutum goma ne hukuma ta ce sun mutu a biranen biyu. Manyan malamai sun fito a kafofin yaɗa labarai suna kiran a kwantar da hankali.

A watan Yunin 2019 kuma majalisa ta amince da dokar tsara harkokin ibada, wadda ta ba hukuma ikon sa ido a kan gina wuraren ibada da kuɗin da ke shigo musu. Kama wani limami a Maraɗi da ya soki daftarin ya jawo tarzomar da aka ƙona coci a cikinta. Gwamnati ta kafa hujja da matsalar tsaro, masu adawa suka ce ga shi wanda ya ce ya raba kansa da addini yana shiga masallaci da takalmi.

Darasin ƙetaren iyaka

Mutanen ƙasar Kance ba sa buƙatar littafi kafin su kwatanta. Daga Ɗan Barto ana shiga Kongolam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta jihar Katsina, daga nan sai Daura da Kano. Aure da kasuwa da karatun allo da cin rani sun haɗa ɓangarorin biyu tun kafin a ja iyaka.

Kundin Najeriya na 1999 shi ma bai yi amfani da kalmar da ake jayayya a kanta ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Duk da haka, bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, jihohi 12 na Arewa sun faɗaɗa aiki da ita, har da Katsina a shekara ta 2000. Jama'a sun yi tururuwa wajen ƙaddamarwa, kuma abin da da yawa suka sa rai shi ne adalci: a daina cin hanci a kotu, a hukunta babba kamar yadda ake hukunta ƙarami, a raba zakka. Sama da shekara ashirin bayan haka, akwai hukumomin Hisba da na zakka, amma jihohin nan suna cikin waɗanda talauci da rashin karatun yara suka fi yi wa katutu a Najeriya. Masu goyon baya sun ce 'yan siyasa ne suka yi wa shari'ar riƙon sakainar kashi. Masu suka sun ce dama ba a nan ciwon yake ba. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa shi ne rubuta abu a doka bai isa ya cika rumbu ba.

Gurguzun da aka gwada a Matamai

Kalma ta biyu tarihinta daban ne. Nijar ba ta taɓa kiran kanta ƙasar gurguzu a kundi ba, saɓanin maƙwabciyarta Benin, inda Mathieu Kérékou ya rungumi aƙidar Markisanci a 1974. Abin da ke kundin Nijar shi ne jamhuriya mai kula da jin daɗin jama'a, wanda alkawari ne na kulawa, bai kai ga mallake gonaki da masana'antu ba.

Amma ra'ayin gurguzu ya taɓa samun jam'iyya mai ƙarfi. Sawaba ta Djibo Bakary, wanda ya jagoranci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa a 1957, ta tara ƙananan 'yan kasuwa da direbobi da teloli da leburori da 'yan ƙwadago, kuma Damagaram tana cikin cibiyoyinta. Sunan ma Hausa ne, kuma ya haɗa ta da NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ta fitar da Sanarwar Sawaba a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Sawaba ta nemi a ce "a'a" ga Faransa a ƙuri'ar 28 ga Satumban 1958, ta sha kaye a hannun gwamnan mulkin mallaka da sarakuna da abokan hamayya, aka haramta ta a 1959. Yunƙurinta na ɗaukar makamai a 1964 ya ƙare da kisa da ɗauri da gudun hijira. Tun daga lokacin kalmar gurguzu ta ɗauki tambarin tawaye da rashin addini a bakin hukuma, duk da cewa magoya bayan Sawaba masallata ne kamar kowa. A ƙetare ma, Malam Aminu Kano mai tafsiri ne, kuma gwamnatocin jam'iyyarsa ta PRP ne suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna bayan zaɓen 1979.

Gwamnatin Diori da ta murƙushe Sawaba ita ma ta sa hannu dumu-dumu cikin tattalin arziki. A 1962 aka kafa SONARA don cinikin gyaɗa, wadda ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa kafin yuraniyom, aka kafa UNCC don bashin manoma da ƙungiyoyin gama kai. Ƙasar Matamai tana cikin wuraren da aka fara gwada shirin raya karkara a farkon shekarun 1960, inda ake zaɓo mutane daga ƙauyuka a horar da su su zama masu wayar da kan 'yan uwansu. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka gwada sabon salo a Matamai da Magarya: manoma su riƙe kasuwar gyaɗarsu da kansu, su zaɓi mai awo da magatakarda, ƙauye ya tsaya wa bashin iri gaba ɗayansa, in kaka ta wuce a dawo musu da rarar kuɗi. An koyar da manya karatu da lissafi da Hausa don su iya duba sikeli da littafin ciniki.

Ga manomin da ya saba a danne masa awo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai Robert Charlick, masani ɗan Amurka da ya yi bincike a ƙauyukan Matamai, ya nuna cewa shirin bai sauya masu iko a ƙauye ba, domin masu faɗa a ji da mutanensu ne suka fi cin moriyarsa. Fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya kasuwar. Kountché ya zo da nasa tsarin na Samariya da ƙungiyoyin gama kai, yana cewa hanya ce ta Nijar da ba ta jari-hujja ba ce, ba kuma ta gurguzu ba. Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, sharuɗɗan Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka shigo, aka rushe ko aka sayar da kamfanonin gwamnati ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 suna zanga-zangar adawa da tsuke bakin aljihu a fannin ilimi ne.

Daga baya jam'iyyar da ke ɗauke da kalmar gurguzu a cikin sunanta, PNDS-Tarayya, ta yi mulki daga 2011 zuwa 2023. Ta gina hanyoyi da gadoji da azuzuwa, ta ɓullo da shirin noma na 3N, amma ba ta kauce wa tsarin kasuwa da masu ba da bashi suka shata ba, kuma zarge-zargen almundahana sun bi ta har ƙarshe.

Alkawarin da ya rage a takarda

A fannin haƙƙin talaka, kundin 2010 ya yi alkawura masu nauyi. Sashe na 12 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin lafiya da ilimi da ruwan sha da abinci mai kyau wadatacce. Wasu sassa sun ce ma'adinan ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne, kuma a fifita noma da kiwo da lafiya da ilimi wajen kashe kuɗinsu. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, sai dai jinkirin da gwamnati ta riƙa yi wajen biyan asibitoci ya sa magani ya riƙa yankewa. A watan Nuwamban 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a jihar Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana.

Shekara biyu bayan buɗe matatar, a ƙarshen Oktoban 2013, aka tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Yara 52 ne, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu daga gundumar Kance suka fito. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku.

Dalilan tafiyar ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san yankin. Jama'a sun yi yawa, gona kuwa ba ta ƙaruwa. Duk rabon gado yana ƙara tsaga ta, har abin da magidanci ke girbewa ya kasa kai iyali ga wata damina. Maza sun saba cin rani a Kano da Legas da Libiya. Mata kuma suka gano hanyar Agadas zuwa Tamanrasset da biranen arewacin Aljeriya, inda suke aikatau ko bara da yara. Wadda ta dawo da kuɗin gina ɗaki ko kayan auren 'yarta takan ja wasu goma. Tun Disamban 2014 Aljeriya take kwaso 'yan Nijar a manyan motoci tana dawo da su, wasu kuma suna sake komawa. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta ƙara wa tafiyar tsada da haɗari, kafin gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamban 2023.

A nan bambancin kalmomin biyu yake. A kan ta farko an yi tattaki, an yi wa'azi, an ƙona gine-gine, an jingine dokoki. A kan ta biyu, in aka cire zanga-zangar tsadar rayuwa ta Maris 2005 da ta tilasta wa gwamnatin Mamadou Tandja sassauta harajin kayan masarufi, da wuya a nuna lokacin da sashen da ya yi alkawarin abinci da ruwa ya cika titi da mutane. Alhali malamai da 'yan boko duk suna da abin faɗa a kansa: zakka da waƙafi da haƙƙin maƙwabci a gefe guda, haraji da kasafin kuɗi a ɗaya gefen, ga kuma gayya da adashi da ƙauye ya sani tun kaka da kakanni.

Ba Nijar kaɗai ba

Irin wannan jayayya tana gudana a wasu ƙasashe. A Indiya, gwamnatin Indira Gandhi ce ta ƙara kalmomin biyu a gabatarwar kundin ƙasar a 1976, lokacin dokar ta-ɓaci, kuma a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar masu son a cire su. A Bangladesh suna cikin ginshiƙai huɗu na kundin 1972. An cire raba addini da gwamnati a 1977, an ayyana Musulunci addinin ƙasa a 1988, an dawo da ƙa'idar a 2011 ba tare da soke addinin ƙasa ba, sannan a watan Janairun 2025 kwamitin gyaran kundi ya ba da shawarar a sauya kalmomin biyu. A Mali, ƙawar Nijar a ƙawancen AES, ƙungiyar limamai ta nemi a cire "layisite" daga sabon kundi, amma gwamnatin soja ta bar ta, aka amince da kundin a ƙuri'ar 18 ga Yunin 2023.

Abin da ke gaba

Gwamnatin Tiani ta ɗauki matakan da suka sake tayar da batun dukiyar ƙasa. A watan Oktoban 2023 ta kafa asusun taimakon ceton ƙasa, wanda ake tara masa kuɗi daga kiran waya da sufuri da gudummawar 'yan ƙasa, har da mazauna ƙetare. A watan Yunin 2025 ta sanar da mayar da kamfanin yuraniyom na SOMAIR hannun gwamnati. Ko kuɗin zai iso gidan likita da rijiya da aji a ƙauye, wannan ita ce tambayar da SONARA da SORAZ suka bari a buɗe.

Akwai kuma batun wanda za a tambaya. Tun watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi, don haka Icirnawa, kamar sauran, ba ta da kansilolin da ta zaɓa. Jam'iyyu ba su nan. Waɗanda suka rage masu murya su ne sarakuna da malamai da ƙungiyoyin farar hula da gidajen rediyo, sai kuma 'yan ƙasa mazauna Kano da Abidjan da Tripoli da Turai, waɗanda ke aiko da kuɗi gida kuma suke fafatawa a Facebook da WhatsApp.

Wani sabon abu shi ne Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Matakin ya jawo ƙorafi daga wasu masu magana da sauran harsunan Nijar. Amma yana nufin in aka zo rubuta sabon kundi, akwai hujjar neman a rubuta shi, a kuma karanta shi, da harshen da mutanen Icirnawa ke ji, tare da sauran harsunan ƙasar. A 1992 an shafe watanni ana rigima a kan kalmar da ɗan kaɗan ne suka iya karanta ta. In aka rubuta da Hausa, dole marubuta su faɗi abin da suke nufi dalla-dalla: wa zai naɗa liman, wace doka za a bi wajen rabon gado, wa zai kare cocin da ke unguwa, kuma wace kotu ce uwa za ta je in aka ce maganin ɗanta kyauta ne ta tarar babu.